Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙaura Zuwa Ƙasa Mai Nisa, Ga Mutanen Gombe da Kewaye

Tun da naira ta faɗi a 2023, da wuya a zauna majalisa a Gombe, daga Pantami zuwa Jekadafari, a watse ba a taɓo maganar fita waje ba. Matasa na tambaya, iyaye na tambaya, matan aure da zawarawa ma haka. Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su gwargwadon abin da na sani da abin da na gani a wurin waɗanda suka tafi da waɗanda suka dawo. Roƙona tun farko: dokokin biza suna sauyawa kusan kowace shekara, don haka kafin ka fitar da ko kwabo, ka buɗe shafin intanet na gwamnatin ƙasar da kanta ka karanta. Kada ka tsaya ga abin da aka turo maka a WhatsApp.

Malam, barin gida a koma wata ƙasa abin zargi ne?

A'a. Mu ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu sun yi fataucin goro har Gwanja, shi ya sa yau a zangon Kumasi da unguwar Nima ta Akara Hausa ake yi a kasuwa da masallaci. A nan ƙasarmu, a Burmi kusa da Bajoga, sojojin Turawan Ingila suka cim ma Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ya yi shahada a wurin, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, kuma jikokinsu suna can har gobe. Cin rani kuwa kowane ƙauye ya san shi.

Amma tarihin nan yana da wata fuskar da ba a cika faɗa ba. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice. Mutanen da suka yi shekaru talatin suna kasuwanci a can suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka suka kamo hanya. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar tafiya, tambaya uku nake yi masa: ta wace ƙofa za ka shiga ƙasar mutane, da wane kuɗi za ka biya, kuma wa za ka bari a baya? Sauran amsoshin da ke ƙasa duk a kan waɗannan ukun suke yawo.

To mece ce ribar, a gaskiya?

Akwai ta, kuma ba zan ɓoye ta don in hana kowa tafiya ba. Wanda ya shiga da takarda da sana'a a hannu yakan samu albashi a kan lokaci. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwa na zuwa, yaro na zuwa makarantar gwamnati kyauta ya koyi abu. Mai ciwon da ke buƙatar kulawa kullum, kamar sikila ko ciwon ƙoda, yana samun sauƙi mai yawa a ƙasashen da asibiti ke aiki. Injiniya ko likita yana taɓa na'urorin da a littafi kawai ya gan su. Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke aikowa gida yana kusantar dala biliyan 20 a shekara, bisa lissafin Bankin Duniya. A unguwanninmu ma kowa ya san gidan da ɗa guda a waje ya biya wa ƙanne kuɗin jami'a, ya kai mahaifiya Hajji.

Sai dai ka lura da waɗanda abin ya yi wa kyau. Kusan dukansu da sunansu aka rubuta takardar gayyata, daga makaranta ko daga wurin aiki, kafin su taka jirgi.

Abokina a Ingila ya ce yana ɗaukar kusan fam 2,000 a wata. Ai idan aka canza miliyoyi ne, ko?

Idan aka canza, ƙwarai. Matsalar ita ce ba a Gombe zai kashe su ba. Mu yi lissafin tare. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi a Ingila ga mai shekara 21 zuwa sama ya kasance fam 12.21 a awa. Wanda ya yi cikakken aiki zai tashi da kusan fam 2,000 a wata a takarda. Kafin kuɗin su shiga asusunsa an cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, abin da zai rage bai kai fam 1,750 ba. A Landan ɗaki guda a gidan haɗaka, inda za ka raba kicin da banɗaki da mutanen da ba ka sani ba, yakan kusanci fam 1,000 a wata. A sauran garuruwa ya fi sauƙi, amma sai ka ɗora kuɗin wuta da gas na ɗumama ɗaki, kuɗin mota, abinci, waya. Mai iyali da ya kama gida sukutum akwai harajin ƙaramar hukuma a kansa kowane wata.

Sannan akwai kuɗin da aka biya tun kafin a tafi. Yawancin masu bizar aiki suna biyan kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 na kowace shekara, ga kowane babba, kuma a dunƙule ake karɓa lokacin neman biza.

Abokinka bai yi maka ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, ɗan abin da yake aikowa gida daga aikin dare da aikin ranakun hutu yake fitowa, da cin taliya da wake kullum.

Wani ejan ya ce in kawo naira miliyan bakwai, zai samo mini biza da aiki. In ba shi?

Kada ka ba shi. Bari in daɗe a nan, domin ta wannan ƙofar aka fi cutar mutanenmu.

Ofishin jakadanci ne kaɗai ke ba da biza, babu wanda ke da ita a aljihu. Duk wanda ya ce maka "ba makawa sai ta fito", ko "ina da mutum a ciki", ya riga ya nuna maka ko shi wane ne. Ga wasu abubuwa da za ka auna maganarsa da su. Idan ya ce aikin kula da tsofaffi ne a Ingila, ka sani tun 22 ga Yulin 2025 gwamnatin ƙasar ta rufe ɗaukar sababbin ma'aikatan wannan fanni daga ƙetare. Tun kafin a rufe ma, mutane da yawa sun sayi takardar ɗaukar nauyi da miliyoyi, suka sauka suka tarar kamfanin ba shi da aikin ba su ko na awa ɗaya. Idan ya ce zai cike maka cacar biza ta Amurka, ka sani an cire 'yan Najeriya daga wannan shirin tun 2013, saboda yawan waɗanda suka riga suka shiga ƙasar. Idan ya ce ka fara zuwa da bizar yawon buɗe ido, a can za a juya ta ta koma ta aiki, yana tura ka ne ka zama mai laifi a ƙasar da ba ka da kowa.

Akwai kuma sabon salo da ya fi muni: tallar aiki mai albashi mai tsoka a kan kwamfuta a kudu maso gabashin Asiya, mutum ya je ya tsinci kansa a kulle a Kambodiya ko Miyanma ana tilasta masa damfarar mutane ta intanet. Wasu 'yan Afirka kuma an yi musu alkawarin aiki a Rasha suka ƙare a fagen yaƙin Yukren.

Yadda za ka gane na gaskiya: kamfanin ɗaukar ma'aikata zuwa ƙetare dole ya kasance da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ka ce ya nuna maka. Ka nemi sunan wanda zai ɗauke ka aiki, ka bincika da kanka. Gwamnatin Ingila, alal misali, tana wallafa jerin duk kamfanonin da ta amince su ɗauki baƙi, kowa na iya dubawa kyauta. Ka ga kwantiragi a rubuce, ka ba wanda ya iya harshen ya karanta maka, ba wanda ejan ya kawo ba. Kuma kada ka tura kuɗi cikin asusun mutum. Sau da yawa mai cutar ba baƙo ba ne, ɗan unguwa ne, ko surukin wani da kake jin nauyinsa, ana sallah sahu ɗaya. Jin nauyi ne ke hana mu tambayar takarda. Ka tambaya, ko da za a ce ba ka da kara. Idan ka ga alamar safarar mutane, hukumar NAPTIP don haka aka kafa ta tun 2003.

Ni uba ne. Ɗana ya matsa in sayar da gonata ta Dadin Kowa in biya masa kuɗin tafiya. Me kake gani?

Baba, kada ka sayar. Wannan ita ce amsar da na fi ƙarfin gwiwa a kanta a duk shafin nan.

Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina da takardar gonarsa a naɗe cikin leda, ya ciro ta daga aljihun 'yar ciki, ya shimfiɗa a kan gwiwarsa yana goge ta da tafin hannu. Gona ce ta gado mai kusa da ruwa, yana noma shinkafa da damina, da rani ya yi albasa da tumatur. Ita ke ciyar da gidan, ita ke aurar da 'yan mata. Ba tafiyar yake so ba, yaron ne ya daina cin abinci a gida, uwar kuma kullum kuka. Abin da na ce masa shi zan ce maka: sayar da gona don neman biza daidai yake da dafa irin da aka ajiye don shuka.

Kuɗin neman biza ba a mayar da shi idan aka hana. Ko an ba da ita, yaro na iya yin wata shida bai samu aiki ba. Filin da ka sayar yau kuma ba za ka iya sayensa da wannan kuɗin ba baɗi. Sannan ka tuna gonar ba ta yaro ɗaya ba ce, akwai haƙƙin sauran magada a cikinta, ciki har da mata da ƙananan da ba su da bakin magana yanzu. Wani nauyin kuma a kan shi yaron yake faɗawa: wanda ya san an sayar da gonar gidansu saboda shi ba ya iya dawowa ko da ana wulaƙanta shi, ba ya ma iya faɗin gaskiyar halin da yake ciki.

Idan tafiyar ta gaskiya ce, ga takardar makaranta ko ta aiki an tabbatar, a haɗa daga abin da gida zai iya rasawa bai durƙushe ba: amfanin gona na bana, 'yan dabbobi, gudummawar dangi. In bai kai ba, lokacin tafiyar ne bai yi ba.

Ni bazawara ce mai 'ya'ya uku. An ce akwai aikatau a Saudiyya, ga albashi ga kusanci da Harami. In je?

Hajiya, na san abin da ke tura ki, kuma ba kwaɗayi ba ne. Amma ki ji yadda tsarin yake. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf zaman ma'aikaci a ɗaure yake da wanda ya ɗauko shi, wato kafili. Igamarki, wato takardar izinin zama, da sunansa take. Saudiyya ta sassauta dokar a 2021 ta yadda ma'aikatan kamfanoni za su iya sauya wurin aiki, amma wannan sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Idan aka cuce ki kika bar gidan, kafili na iya kai rahoton kin gudu, daga nan ke ce mai laifi a idon hukuma.

Akwai waɗanda suka dace da gidan mutanen kirki, suka yi shekara biyu suka dawo da jari. Akwai kuma irin wata baiwar Allah da na gani bayan dawowarta: tafin hannunta duk ya tsage saboda sinadarin wanke-wanke, ta ce a ɗakin ajiyar kaya take kwana, ita ke fara tashi ita ke ƙarshen kwanciya, da azumi kuwa har a yi sahur tana tsaye. An karɓe fasfonta ranar da ta sauka, wayar ma sai ranar Juma'a ake ba ta. Garin da aka kai ta yana da nisan gaske da Makka, har ta dawo ba ta ga Ka'aba ba. Ba ki da hanyar sanin wane gida za ki faɗa kafin ki isa, wannan shi ne babban haɗarin.

In kin dage, to kada ki bi ta bizar Umra ko ta ziyara. Ki tabbatar bizar aiki ce, ki ga kwantiragin da adadin albashi da ranar hutu. Ki haddace lambar ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda da ta wani ɗan'uwa, kada ki dogara da abin da ke cikin waya. Ki bar kwafin fasfo da kwantiragi a gida. Sannan ki yi wa kanki tambayar da ta fi kowace nauyi: wa zai riƙe yaran nan shekara biyu, kuma wane irin riƙo?

In na je Umra na ƙi dawowa fa? Ai mutane da yawa sun yi.

Sun yi, kuma mun san rayuwar takari. Ba ka da igama, ba ka kama haya da sunanka, ba ka zuwa asibiti hankali kwance, ganin motar 'yan sanda sai gabanka ya faɗi. Ranar da aka kama ka sai sansanin Shumaisi, tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki hoton yatsunka, a yi maka tarhil, wato a koro ka gida, da kayan jikinka, a hana ka komawa na shekaru. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da aka haifa a can ba takarda: Saudiyya ba ta ɗauke su 'yan ƙasa ba, Najeriya kuma ba su san ta ba.

Tunda an zo maganar Saudiyya: kada ka riƙe wa kowa kaya a filin jirgi, ko ƙullin yaji ne. Hukuncin safarar ƙwaya a can kisa ne. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano saboda jakar da aka maƙala wa sunanta ba da saninta ba, sai da ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito.

Hanyar Agadas zuwa Libiya fa, ga wanda ba shi da kuɗin jirgi?

Ina roƙonka da girman Allah ka cire ta daga ranka. Daga Agadas ana loda mutane a bayan Hilux, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sanda da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, da jarkar ruwa da aka naɗe da buhu. Wanda ya faɗo ba lallai a tsaya masa ba. Mota in ta lalace a tsakiyar rairayi, ruwa ne ke yanke hukunci. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, Hausawa 'yan'uwanmu daga yankin Kance.

Wanda ya tsira ya isa garin Sabha a kudancin Libiya, akwai gidan bashi, inda ake kulle mutum a yi ta dukansa ana kiran iyayensa a waya su ji kukansa su aiko kuɗi. A 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka a Libiya. Bayan nan ga teku: a 2016 kaɗai fiye da mutum 5,000 suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum. Gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a ƙarshen 2023, motoci sun koma tashi a fili, amma soke doka bai ƙara ruwa a hamada ba. Kuma ko ka isa Italiya, talauci ba ya cikin dalilan da ake ba mutum mafaka, shi ya sa ake watsi da mafi yawan buƙatun 'yan Najeriya.

Ta hanyar karatu fa?

Ita ce ƙofar da na fi so ga matashi, in da tallafi ne. Akwai Chevening da Commonwealth na Ingila, DAAD na Jamus, tallafin gwamnatin Turkiyya, PTDF a nan gida ga fannonin da suka shafi mai da makamashi, da Jami'ar Musulunci ta Madina ga masu karatun addini. Neman su kyauta ne, sai dai suna son sakamako mai kyau da haƙurin cike takardu. Chevening na buƙatar shekara biyu ta aiki kafin ka nema, da alkawarin komawa gida na shekara biyu bayan ka gama. Yaranmu na Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna da ƙwaƙwalwar cin waɗannan, da yawa rashin nema ne kawai ke hana su.

Karatu da kuɗin aljihu kuwa sai an yi hattara. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Iyayen da suka yi lissafi da tsohon canji suka wayi gari kuɗin makaranta ya ninka sau uku, har wasu ɗalibai a Ingila aka dakatar da su aka ce su bar ƙasar. Kada ka ce za ka yi aiki ka biya: awa 20 a mako doka ta yarda wa ɗalibi a Ingila lokacin karatu, abin da zai fito da ƙyar ya biya haya da abinci. Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma sai ka ajiye kusan yuro 12,000 a asusu na musamman don shekara guda. Kanada tun 2024 tana son ganin fiye da dalarta 20,000 ban da kuɗin makaranta.

A duba zaman lafiyar ƙasar ma. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu da ke Khartum sun yi kwanaki a iyakar Masar cikin motocin bas kafin a kwaso su, da yawa karatun ya tsaya a nan.

Ina da mata biyu da yara. Zan iya tafiya da su?

Ingila, Amurka da Kanada mace ɗaya suke ba wa bizar matar aure. Ka yi tunanin abin da wannan zai jawo a gidanka kafin ka fara. Tun Janairun 2024 ma Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu digirin bincike.

In ka tafi da yara, za su samu makaranta mai kyau, amma tarbiyya gaba ɗaya a wuyanka da na uwarsu take. Babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabcin da zai tsawata. Islamiyya sai ƙarshen mako, kuma da kuɗi. Hausa tana zamewa daga bakin yaro cikin 'yan shekaru in ba a dage da ita a gida ba, ya zo hutu ya kasa hira da kakarsa. Duka kuwa laifi ne a ƙasashe da yawa, Suwidin ta haramta shi tun 1979, kuma hukuma na iya ɗauke yaro daga hannun iyaye.

In kuma ka bar su a gida, ka tuna aure ba kuɗin cefane kaɗai ba ne. Na ga matan da aka bari shekara da shekaru a gidan surukai, kuɗin da ake aikowa ma ta hannun wa ko ƙanen miji yake biyowa, sai ta roƙa. Shari'a ta ba ta damar kai kuka gaban alƙali idan rashin miji ya cutar da ita. Ku yi magana a fili kafin ka tafi: shekara nawa, yaushe za ka riƙa zuwa, kuma kuɗinta ya shiga asusunta kai tsaye.

Addini da yanayin rayuwa fa?

A manyan biranen Ingila irin su Birmingham da Bradford masallatai da naman halal ba sa wuya. A ƙananan garuruwa sai ka yi tafiya. Juma'a ranar aiki ce, sai ka roƙi izini. Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati tun 2004, ta kuma hana niƙabi a bainar jama'a daga 2011. Idan azumi ya faɗo a tsakiyar bazararsu, a Ingila ana kai awa 18 ana riƙe da baki. A watan Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi a Landan. Sanyin wasu biranen Kanada yana sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili, wanda hunturun Gombe ke sa shi jin wuta sai ya yi shiri.

Abin da waɗanda suka zauna can suka fi kuka da shi shi ne kaɗaici. Ba mai yi maka sallama a ƙofar gida, ba zaman bakin titi bayan isha'i, kana iya yin zazzaɓi kwana uku maƙwabci bai sani ba. Mafi ɗaci kuma rasuwa. Mu a ranar muke binne mamaci. Za a kira ka da asuba a ce Inna ta cika, kafin ka gama neman tikiti an dawo daga maƙabarta. Mai takarda yakan zo ya karɓi gaisuwa daga baya. Wanda ba shi da ita ko wannan ba zai samu ba, don in ya fita ba shi komawa.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ina jin kamar in na tafi na ci amanar marasa lafiya.

Jin hakan alamar kirki ce, 'yar'uwa. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, kusan 55,000 suka rage. Mu a arewa maso gabas muka fi jin raɗaɗin, kowa ya ga layin da ake yi a asibitocinmu. Duk da haka ba zan zargi wadda ke kwana tana aiki da fitilar waya ba idan ta nemi inda za a daraja ta. Abin da nake roƙo: in gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunki da sharaɗin yin aiki, ki cika sharaɗin. In kin tafi, ki tafi da niyyar ƙaro ilimi, ki riƙa waiwayen makarantar da ta koyar da ke. Abubakar Tafawa Balewa ya je Landan karatu a 1945 ya dawo Bauchi. Shi kansa Pate ya ajiye shugabancin hukumar rigakafi ta Gavi da aka ba shi a 2023 ya dawo gida.

Zan zama ɗan ƙasa a can?

A ƙasashen Gulf kusan babu wannan, ko ka shekara talatin, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Kanada na ba mai izinin zaman dindindin ɗan ƙasanci bayan ya zauna shekara uku cikin biyar. Jamus shekara biyar tun 2024. A Ingila haihuwa kaɗai ba ta ba yaro ɗan ƙasanci tun 1983. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe fasfo biyu.

Ina waje yanzu, abin bai yi ba, kuma ina jin kunyar dawowa hannu rabbana.

Dawo, ɗan'uwa. Maganar mutane ta mako biyu ce, mahaifiyarka kuma kai take so ta gani. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IOM, tana taimaka wa waɗanda suka maƙale su koma gida bisa raɗin kansu, ta kwaso dubban 'yan Najeriya daga Libiya da Nijar tun 2017. In fasfonka ya ɓace ko an riƙe shi, ofishin jakadancin Najeriya na ba da takardar tafiya ta gaggawa. Ku kuma 'yan gida, idan ya dawo kada tambayar farko ta zama "me ka kawo?"

Na auna komai, na yi istihara, iyayena sun yarda. Daga ina zan fara?

Daga takardunka. Ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN, da takardun makaranta, da na banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko Abubakar ya koma Garba, ya isa ya jawo maka watanni na wahala. Fasfo ka nema da kanka a shafin Hukumar Shige da Fice, ka je ofishinsu na Gombe a ɗauki hotonka. Daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. Ka nemi takardar sakamakon jami'a da wuri don tana ɗaukar lokaci. Mai zuwa Ingila na fiye da wata shida sai ya yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas, kuma yawanci sai da jarrabawar Turanci ta IELTS.

Ka koyi sana'ar hannu kafin ka tashi, ko da kana da digiri: aski, ɗinki, walda, gyaran wuta, tuƙi. Ka riƙe kuɗin da zai ɗauke ka wata uku ba tare da albashi ba, da kuɗin tikitin dawowa wanda ba za ka taɓa ba. Ka samu wani amintacce a garin da za ka, wanda ka yi magana da shi da bakinka, ba wanda aka ba ka labari ba.

A gida kuma ka rubuta basussukan da ake bin ka da waɗanda kake bi, a gaban shaidu. In za ka riƙa aiko kuɗin gini ko na sayen fili, ka naɗa wakili ɗaya a rubuce, takardar filin ta fito da sunanka, kuma wani na daban ya riƙa zuwa yana duba aikin yana turo maka hoto.